Kafin Ka Fasa Bango Ka Fitar Da Taga

Wannan jawabi ne da editan jaridarmu ya yi wa magidanta da samari a garin Giyawa, cikin ƙaramar hukumar Goronyo. Mun buga shi don amfanin masu karatu.



   

Jama'a, kaka ta yi. An kai gero da dawa rumbu, an sussuke shinkafa. Yanzu ne magidanci ke ɗan samun kuɗi a hannu, ya waiwayi gidansa. Wani zai yi yaɓe. Wani zai sauke jinka ya sa kwano. Wani kuma ɗakin amarya zai gyara. A cikin gyare-gyaren nan akwai aiki ɗaya da ake rainawa, shi ne fasa tsohon bango don a fitar da taga ko ƙofa. A kansa zan yi magana yau.

Bari in fara da kuskuren da ni kaina na yi. Shekarun baya na je gida hutu, na tarar ɗakin mahaifiyata da duhu da zafi. Soro ne na ƙasa, ba taga ko ɗaya. Na ce lallai sai an fitar da taga. Ban nemi magini ba. Na kira wani yaro ƙaƙƙarfa na ba shi diga. Kafin azahar ya fasa rami mai faɗin ƙafa 4. Muka cusa katakon taga, muka liƙe da laka. Iska ta shiga, kowa ya yi murna.

Damina ta faɗi. Ran ruwa na uku, cikin dare, tsohuwa ta ji ƙasa na zubo mata. Da gari ya waye sai ga tsaga tun daga kusurwar taga har rufi. Azara biyu sun sunkuyo. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Aka kira wani tsohon magini. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?" Na ce, "Ni na sa, Baba." Ya ce, "Ɗana, ka cire wa soro ƙafa, sa'an nan kana so ya tsaya?" Abin da na kashe wajen gyara ya ninka ladan magini. Tun daga ranar nake tambayar masu sana'ar. Abin da na koya shi na kawo muku.

Me Ya Sa Ɗaki Ke Bukatar Taga?

Wani zai ce kakanninmu sun kwana a ɗaki ba taga. Gaskiya ne. Amma ɗakinsu na jinka ne. Ciyawa na barin hayaƙi ya fita, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Yau mun sauke jinka mun ɗora kwano a kan bangon da ba shi da kafa. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Ɗakin kwano marar taga a irin wannan lokaci tanda ne.

Na biyu, ciwon sanƙarau. Yakan zo da rani, lokacin ƙura da zafi. Ana ɗaukarsa ta numfashi, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda marar iska. Dattawa ba su manta 1996 ba. A shekarar, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 ma ya dawo, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Allurar rigakafi ita ce babbar kariya, kada a ƙi kai yara. Taga ba ta maye gurbin allura, amma tana taimaka mata. Haka yake ga tarin fuka. Ƙwayar cutarsa na daɗewa cikin iskar ɗakin da ke rufe.

Na uku, hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara. Mata da ƙananan yara suka fi shaƙarsa. Ga kuma kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Garwashi na fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. In ɗaki a toshe yake, mutum na iya kwanciya barci ya ƙi tashi.

To, taga dole ce. Sauran magana ita ce yadda za a fitar da ita ba tare da an kashe ɗakin ba.

Ka San Abin Da Bango Ke Ɗauke Da Shi

A ƙasashe irin su Amurka, bangon cikin gida da allo ake yinsa. Allon na wani farin dutse ne da ake kira jibsam. Akwai irinsa a ƙasar Wurno, kuma ana sa shi cikin siminti. Kaurin allon kamar rabin inci ne, ɗan ƙaramin zarto na yanka shi. Duk da haka ba sa yanka sai sun gano inda ginshiƙin katako da wayar wuta suka bi ta bayansa. Su allo ne kawai a gabansu. Mu kuwa bangonmu shi ne ginshiƙin. Rufin soro, da azararsa da ƙasarsa, a kan bango yake zaune. In ruwa ya jiƙa shi nauyin ya ƙaru.

Saboda haka ka shiga ɗakin ka ɗaga kai. Dubi inda azara suka miƙe. Bango biyu da bakin azara ya hau kansu, su suka fi ɗaukar nauyi. In da hali, ka fitar da tagarka a ɗaya daga sauran biyun. In ba hali, sai da tokara da magini.

In ɗakin ko zauren mai bakan gizo ne, ka bi bakan da ido har inda ya sauka a bango. Wurin nan ba a taɓa shi ko kusa. Ƙarfin ginin duka can ya taru. Da irin wannan baka Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Ginin ƙasa na daɗewa in ba a taɓa ƙafafunsa ba.

In ɗakin zagayayye ne, bangonsa ba shi da kauri. Zoben da ke sama shi ke riƙe da shi. Ka yi 'yar ƙaramar taga, ka bar aƙalla kamu 1 tsakaninta da bakin bango na sama.

Ka Duba Lafiyar Bangon

Ba kowane bango ke jure fashi ba. Ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari. In ka ji sauti kamar ganga, akwai rami a ciki, wataƙila gara ta ci shi. Ka duba gindinsa. In ya zaizaye, ko ƙasar na marmashewa a hannu, sai an fara gyara gindin tukuna. Ka duba tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma ta nan yake shiga.

Mu mutanen bakin gulbin Rima mun san aikin ruwa. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Goronyo da Wurno da kewaye, gidajen ƙasa suka zube. Bangon da ruwa ya taɓa kwana a gindinsa, ko ya tsaya, ƙarfinsa ya ragu. Irin wannan bango kada ka fasa shi sai magini ya gani da idonsa.

Wane Gefe, Wane Awo?

Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ku duba gidajenku, bangon gabas ya fi kowane zaizayewa. Taga a gabas tana shigo da feshin ruwa. Ta yamma kuma tana shigo da zafin ranar la'asar. Kudu da arewa sun fi. In ka sami taga tana fuskantar ƙofa ko wata tagar, iska za ta shiga nan ta fita can. Ƙananan tagogi biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda ɗaya amfani, kuma ba su raunana bango kamarta. Iska mai zafi sama take hawa. Don haka 'yar kafa kusa da rufi tana fitar da zafi da hayaƙi.

Ga awon da za ku riƙe. A tsohon bangon ƙasa, faɗin taga kada ya wuce ƙafa 2 zuwa 2 da rabi. Daga kusurwar ɗaki zuwa bakin taga a bar aƙalla ƙafa 3, wato kamu 2. Tsakanin taga da ƙofa ma a bar kamar haka. In ka haɗa faɗin ƙofa da tagogin da ke bango guda, kada su wuce kashi 1 cikin 3 na tsawon bangon. Wanda ke da tef na awo ya yi amfani da shi, ya rubuta lambobin a takarda ya kai wa kafinta. Awon ido yana ruɗi.

Kada a manta da maƙwabci. Tagar da ke leƙa tsakar gidan wani tana kawo rigima har gaban mai unguwa. Ka ɗaga ta sama da kan mutum, ko ka juya ta zuwa cikin gidanka. In bangon na haɗaka ne, ba ka da ikon fasa shi sai da yardar abokin bangonka.

Lokacin Aiki

A yi aikin nan da rani, bayan bango ya bushe sarai. Daga Disamba zuwa Maris ya fi dacewa. Kada a bari sai an ga hadari ya fara haɗuwa. Laka na son kwanaki kafin ta kama. Bangon da ke da danshi kuwa ba a fasa shi.

Linta Kafin Rami

Nan ne zuciyar maganar. Linta ita ce gadar da ake shimfiɗawa a saman taga ko ƙofa. Ita ke karɓar nauyin da ke sama, ta raba shi ga bangon hagu da dama. Kuskurena shi ne na fasa rami ban sa linta ba. Wasu kuma sai sun fasa sa'an nan su nemi itacen sakawa. Duka biyu kuskure ne. Linta ake fara sakawa, rami ya biyo baya.

A ginin ƙasa azarar giginya ta fi, don gara ba ta cika cinta ba. Magina ba su yarda azara ta tsallake fili fiye da ƙafa 6 ba tare da matallafi ba. Taga ba ta kai haka ba, don haka azara ta ishe ta. In ba azara, a nemi busasshen itace mai ƙarfi, a shafe shi da baƙin mai. Ɗanyen itace na motsewa in ya bushe, ya bar gibi. Linta ta fi taga tsawo. Kowane gefe ta shige cikin bango kamar kamu 1. In tagarka ƙafa 2 ce, lintarka ta kai ƙafa 5.

Ga yadda aikin ke tafiya.

1. Ka kwashe kaya, ka fitar da yara da mata daga ɗakin. Kada kowa ya kwana ciki sai an gama.

2. Ka tokare rufi. A kafa gwafa biyu ko uku kusa da bangon, a sa falanki a ƙasa, a sa wani a sama yana tallafe da azara.

3. Ka zana tagar da gawayi. Ka ɗaura dutse a igiya ka sake shi, zai nuna maka miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa.

4. Ka huda ƙaramar kafa a tsakiya da siririn ƙarfe har ta ɓulla waje. Ita za ta nuna maka kaurin bangon, da inda za ka zana ta waje. Ka tuna bangon ƙasa ya fi kauri a gindi.

5. A saman zanen, ka sassaƙe gurbin linta ta ciki. Rabin kaurin bango kawai za ka ci. Ka sa azara, ka cusa laka mai ƙarfi ta sama da ta gefe har ba gibi. Ka bar ta ta bushe kwana 3 zuwa 7.

6. Ka zagaya ta waje ka yi haka ga ɗaya rabin. Shi ma ka bar shi ya bushe.

7. Yanzu ne za ka fasa ramin. Ka fara daga ƙarƙashin linta ka yi ƙasa. Ka fara daga tsakiya ka nufi gefe. Ka yi da ƙaramin ƙarfe mai baki da 'yar guduma. Diga da babbar guduma na girgiza bango, su buɗe tsagar da ido bai gani ba. Ka riƙa yayyafa ɗan ruwa a kan layi don rage ƙura.

8. Ka sa katakon taga, ka daidaita shi, ka liƙe gefensa. Dandamalin ƙasan taga ya karkata waje, don ruwa ya gangara can. A sama ta waje a kafa ɗan guntun kwano kamar malafa.

9. Sai komai ya bushe sa'an nan ka cire tokara, ɗaya bayan ɗaya.

Mai aiki ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ya kula da idonsa. Kada ya zura hannu cikin ramin da bai gani ba. Tsohon bango gidan kunama ne, wani lokaci har maciji.

In kana so ka shafe bakin taga da siminti, ka sani siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shige bayansa. Sai an kafa ƙusoshi ko ragar waya tukuna. In ba haka ba, yaɓen laka da makuba ya fi, a riƙa sabunta shi kowace shekara.

In Ginin Bulo Ne

Dokar ɗaya ce, linta kafin rami. Sai dai a nan linta ta kankare ce da rodi. Haɗin da aka saba shi ne awo 1 na siminti, awo 2 na yashi, awo 4 na tsakuwa. Ana iya zuba ta a ƙasa cikin akwatin katako, da rodi aƙalla 2 kusa da gindinta. A yi wa saman alama don kada a kifa ta wajen ɗorawa. A riƙa ba ta ruwa kwana 7. A bar ta mako 2 kafin a ɗaga. Kankare ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Kowane gefe ta zauna a kan bulo aƙalla inci 9.

In gidan na da wutar lantarki ko sola, a kashe daga tushe kafin a taɓa bango. Wayar da aka binne a bango takan miƙe sama ko ƙasa daga makunnin wuta. Kada ka sara a kan wannan layi.

Sauro Da Ɓarawo

Na san abin da ke zuciyar wasunku. Taga ƙofar sauro ce, kuma ƙofar ɓarawo ce. Ba ƙarya kuka yi ba. Mun san halin tsaro da gabashin Sakkwato ya shiga a shekarun nan. Shi ya sa na ce taga ƙarama, kuma a sama. A sa mata sandunan ƙarfe, tsakaninsu kada ya wuce inci 4. A yi mata marfi mai sakata ta ciki. Sandunan su shige cikin katako tun wajen maƙeri ko kafinta, ba a manna su daga baya ba.

Sauro kuwa maganinsa ragar waya. A ƙasar Gambiya an gwada sa raga a gidajen ƙauye, aka buga sakamakon a 2009. Sauron da ke shiga ɗaki ya ragu da kusan rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu ga yara. Raga ba ta da tsada kamar jinyar zazzaɓi. In ta yage a ɗinke ta. A toshe gibin da ke tsakanin kwano da bango da raga, don sauro na bi ta nan. Gidan sauro kuma kada a daina kwana cikinsa.

Bayan An Gama

Ka sa ido a kan kusurwoyi biyu na saman taga. Daga nan tsaga ke farawa. In ka ga siririyar tsaga, ka yanki 'yar takarda ka manna ta da ƙaro a gicciye kan tsagar. Ka rubuta kwanan wata a jikinta. In mako ya zagayo takardar ba ta yage ba, tsagar ta tsaya, sai ka cike ta da laka. In ta yage, bango na motsi. Ka mai da tokara, ka fitar da iyali, ka kira magini ran nan. Ka sake dubawa bayan ruwan farko. Ka kuma gyara indararo, kada ya zuba a kan taga.

'Yan'uwa, magini na cikin garinku. Ladan duba bango kaɗan ne. Araha ba ta ado, ni na gani a ɗakin mahaifiyata. Bayan gyara, tsohon maginin nan ya fitar mata da ƙananan tagogi biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, kowace da azararta. Har yau ɗakin na tsaye.

In kun koma gida, kowa ya shiga ɗakin da yaransa ke kwana da tsakar rana, ya rufe ƙofa. In bai iya ganin tafin hannunsa ba, ko ya ji numfashi na yi masa nauyi, ɗakin na son taga. Ya ɗaga kai ya dubi azara, ya ƙwanƙwasa bango, ya nemi magini tun rani bai wuce ba.